Diraktan Lakwal da Fada: Jawabin Ranar Bukin Shekara 100

 

 

Kwamitin wannan buki ya umurce ni da in yi magana a kan tarbiyya. Ni ma'aikacin rediyo ne, na saba magana da mutanen da ba na gani. Yau kuwa ga ni gaban waɗanda suka san ni tun ina wasan ƙasa, saboda haka ba halin in ƙara gishiri.

Lokacin da Nasara suka kawo lakwal, fada suka ɗora wa nauyin kawo yara. Dattawanmu sun san yadda aka yi: wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura ɗan baransa a madadin nasa. Tsoron iyaye shi ne yaro ya bar salla, ya raina na gaba da shi. Umurnin kwamanda bai kawar da wannan tsoro ba. Halin malamai ƴan ƙasa ne ya rage shi sannu a hankali. Bubu Hama ya fito daga makarantar William Ponty ta Sanagal a 1929, ya zama malamin lakwal na farko ɗan Nijar. Diori Hamani ya koyar a Maraɗi, ya kuma riƙe lakwal ɗin Filinge kafin ya zama shugaban ƙasa a 1960. Shi kuma Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna a littafinsa na 1964 cewa tarbiyyar kakanninmu ba ta raba sani da hali da aikin hannu.

Ban karanta littafin ba sai da na shiga lise, amma na ga abin da yake nufi tun ina aji shida, a wurin diraktanmu, Allah ya jiƙansa. Shekarun nan ne na farkon 1990, lokacin da ma'aikata ke yin watanni ba albashi, yajin aiki na bin yajin aiki. Mutumin nan yakan riga kowa zuwa, da riga ɗaya wankakkiya wadda duk garin ya sani. Muna da ɗan lambu bayan aji, muna sayar da salati da tumatir, kuɗin na shiga asusun ƴan lakwal. Kowace Asabar sai ya rubuta lissafin a allo, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin igiyar guga. Mutum ne da ke cin bashin hatsi a kasuwa, bai kuwa taɓa aron ko dala daga gwangwanin nan ba.

Ni aka ba riƙon gwangwanin. Wata rana na ɗauki dala hamsin na sayi ƙosai da alewa, na raba wa abokai. Ranar Asabar lissafi bai cika ba. Na jira bulala, don a zamanin ba a rowarta. Bai dake ni ba, bai kuma faɗi sunana ba. Ya rubuta a allo: "Saura dala hamsin, za su dawo." Da aka tashi ya kira ni gefe, ya ce: "Kai za ka ci gaba da riƙon asusu. In na karɓe shi, ka zama ɓarawo ke nan a idon garin nan har ka tsufa." Sati biyar ina ɗibar ruwa ina sayarwa kafin in cika kuɗin. Har yau, in wani ya miƙo mini ambulan don in gyara labari a rediyo, rubutun allon nan nake gani.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ya sa na kawo wannan labari fada. A shekarar nan, wani mai hali ya aika wa dirakta rago don a sa ɗansa cikin masu zana sartifika, alhali yaron bai kai ba. Dirakta ya mayar da rago. Uban ya fusata, ya kai ƙara fada, yana neman a sa baki a ɗauke shi daga garin. Marigayi sarki ya saurari kowa, sannan ya ce malamin da ya mayar da rago cikin yunwa ba a rabuwa da shi. Da yamma aka ga dogari ya kai damen hatsi gidan dirakta, a gaban jama'a. Ya ƙara shekaru a nan, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa ina hango likita da ungozoma da ɗan kasuwa a wannan rumfa.

Diraktocin yau aikinsu ya fi nasa wuya. Yara sun ninka, malamai da yawa ƴan kwantaragi ne, wasu azuzuwan na kara ne, kuma ba mu manta da gobarar Maraɗi ta watan Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci ƙananan yara fiye da 20. Ga uban da zai cire ɗiyarsa daga aji biyar ya yi mata aure, ga ɗan siyasar da ke neman a sauya wa duk wanda ya ƙi jin maganarsa wurin aiki. Dirakta baƙo ne, ba shi da dangi a gari. In fada ta yi shiru, shi kaɗai zai tsaya.

Roƙona biyu ne. Na farko, a riƙa kiran diraktocin lakwal fada a farkon kowace shekarar karatu, a zaunar da su tare da limamai da malaman allo, a ji kukansu. Na biyu, duk yarinyar da za a cire daga lakwal, mai gari ya fara jin ta bakin dirakta kafin a sa ranar aure.

Allah ya ja zamanin sarki, ya jiƙan magabata, ya ba mu damina mai albarka.