Sansanin 'Yan Sikawut na Dogon Hutu: Dalilin da Ya Sa Muke Gayyatar Iyaye

(Jawabin da jagoran 'yan sikawut na garinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An ba ni ɗan lokaci in yi bayani a kan sansanin da 'yan sikawut ɗinmu suke shirin yi a dogon hutu mai zuwa, in kuma amsa tambayar da iyaye da dama suka yi ta aiko mana: me ya sa bana aka ce uba da uwa da ƙanne su ma su naɗo tabarma su biyo mu?

Ita dai sikawut a sansani aka haife ta. A watan Agustan 1907 wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ya kwashi yara 20 zuwa tsibirin Brownsea da ke kudancin ƙasar, suka yi kimanin mako guda a cikin tantuna. Ya haɗa 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni ya ɗora masa shugaba daga cikin yaran, ya bar musu girki da shara da gadi. Daga wannan gwaji ne harkar ta bazu a duniya, har ta iso Nijeriya a 1915. Saboda haka yaron da bai taɓa kwana a tanti ba, bai taɓa hura wuta da jiƙaƙƙen itace ba, fareti kawai ya iya. Muna jin daɗin ganinsu da kaki da ƙyallen wuya ranar 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, amma ba don wannan aka kafa sikawut ba.

To, sai ga halin da ƙasa ta shiga. Kowa a ɗakin nan yana tune da Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a watan Disambar 2020, da Jangeɓe a watan Fabrairun 2021, da Kuriga a watan Maris na 2024. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ce ɗansa ba zai kwana a daji ba, babu mai hankalin da zai ga laifinsa. Sai dai tsoron nan, ko da yake yana da tushe, ya bar mu da yara masu baje a kafaɗa waɗanda ba su san aikin bajen ba.

Shawarar da muka yanke ita ce mu jawo sansanin kusa, mu kuma shigo da iyaye cikinsa. Kwana uku za a yi, a fili mai katanga da ƙofa ɗaya a gefen gari, da sanin Hakimi da jami'an tsaro, iyaye maza kuma su riƙa karɓa-karɓar gadin dare. Ɓangaren mata da 'yan mata daban, ƙarƙashin kulawar iyaye mata. Mun kuma ɗauki ƙa'idar cewa babu baligin da zai keɓe da yaron da ba nasa ba, ko jagora ne. Wannan ya dace da manufar kare yara daga cutarwa da babban taron sikawut na duniya ya amince da ita a 2017. Gani ya kori ji: uwar da ta ga inda 'yarta ta kwana da idonta, baɗi ba sai an roƙe ta ba.

Amma iyayena, ku yi mini afuwa, akwai abin da nake tsoro daga gare ku. Rukunin sikawut yara shida ne zuwa takwas, shugabansu kuma yaro ne ɗan'uwansu. Idan shinkafarsu ta caɓe, su za su ci ta a caɓe, gobe su rage ruwa. Ranar da uwa ta ga tukunya na ƙauri ta karɓe muciya, ko uba ya ga tanti ya karkace ya ture yaro ya kama igiya, darasin ya tashi a banza. Za a kafa tantunan iyaye a nesa kaɗan, inda za ku hango ba tare da kun sa hannu ba. Wurinku shi ne da daddare, a bakin wuta, inda muke so kakanni su kawo tatsuniya da tarihin unguwanni da sunayen itatuwan da yaranmu suke wucewa kullum ba su san su ba. Manomi ya nuna yadda ake gane hadarin da zai zubar, maƙeri ya nuna wasa gatari. Wannan ilimi babu shi a littafin sikawut da aka rubuta a Ingila.

Kasancewar dogon hutunmu yana faɗowa tsakiyar damina, dole a yi tanadi. Ba za a kafa tanti a kwari ko ƙarƙashin doguwar bishiya ba, saboda ambaliya da tsawa. Kowa zai kwana cikin gidan sauro mai magani, musamman ƙananan yara. Ruwan sha tafasasshe ne, masai kuma zai yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Kowane rukuni zai koyi haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Masu gona kuwa, mun san hannun yaro yana da tsada a watan Agusta, shi ya sa ba mu wuce kwana uku ba.

Abin da muke nema daga wannan ƙungiya, ranka ya daɗe shugaba, bai taka kara ya karya ba: aron tantuna da motar ɗaukar kaya, ma'aikacin lafiya ɗaya daga cikin 'ya'yan garin nan da zai kwana tare da mu, sannan a ɗauke wa marayu kuɗin abinci, don kada a tafi a bar su suna leƙe ta katanga. Takardun amincewar iyaye suna hannun sakatare, muna roƙon a cike su a maido kafin a rufe makarantu.