CINIKI TA KIRAN BIDIYO: A NUNA AIBI KAFIN A YANKA KUƊI

(Jawabin da aka gabatar a taron 'yan kasuwa na unguwar Sabo, Ibadan)

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bayan haka, an umurce mu da mu yi ɗan tsokaci a kan cinikin da ake ƙullawa ta kiran bidiyo, wato mai kaya ya nuna wa mai saye haja a waya suna ganin juna.

Jama'a, ciniki daga nesa ba baƙonmu ba ne. Tun da aka kafa wannan unguwa a 1916, goro ke tafiya Arewa, shanu na gangarowa Kudu. Mai kaya na Kano, mai saye na Ibadan, sai dai wasiƙar ajami da fatoma a tsakani. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana. A 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan, a 2016 WhatsApp ya kawo kiran bidiyo, sa'an nan kullen korona na 2020 ya tilasta wa da yawanmu koyonsa. To, waya ta rage nisa, amma fa ba ta ɗauke mana nauyin amana ba.

Na farko dai, mu shirya kafin mu kira. A yi caji, a sa data, a nemi inda akwai sabis, a kauce wa ƙarar janareto. A goge idon kyamara. A tsaya yadda haske zai faɗa kan kaya, rana na bayan mai riƙe da waya, domin in tana gabansa duhu kawai mai saye zai gani. Mu fara nuna fuskarmu, mu yi sallama, mu gaisa yadda aka saba, kana mu juya waya wajen haja.

Na biyu, wanda shi ne zuciyar maganarmu, mu nuna aibi da kanmu. Mai saye ba ya iya taɓawa, ba ya iya ɗanɗanawa, mu ne hannunsa. In goro ne, kada a tsaya ga na saman kwando. A ɗaga ganye, a zura hannu har ƙasa, a nuna marsa a nuna minu, a faɗi sabo ne ko daushe. Shi ya zaɓi wanda za a ɓare a gaban idonsa, ya ga ko akwai sankara. In ragon layya ne, a buɗe baki ya ga haƙora, a nuna ido da kunne, a sa yaro ya kora shi ya yi tafiya don a ga ko yana ɗingishi. Mutum ya tsaya kusa da ragon, saboda waya kan mai da ƙaramin rago ƙato in an matso da ita.

Malamai na zaune, za su gyara mana in mun kuskure. A mazhabarmu ta Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma in kaya ya zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye na da damar fasawa. Kuma duk mun san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, da yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar masa.

Mun ga wani yaro a nan ya nuna rago ɗaya a waya, ya ɗora wani a mota. Ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma mai sayen ya watsa hoton a unguwarsu, yana cewa Hausawan Sabo ne. Kun ji fa, bai ambaci sunan yaron ba, mu duka ya ambata. Mu mazauna ƙasar wasu, sunanmu shi ne jarinmu, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

Na uku, a yi magana a tsanake. In an faɗi kuɗi a saurara, a bar mutum ya taya, domin murya kan makara a hanya. In an sallama, a shafa wa dabba fenti ko a rubuta suna jikin huhu yana kallo. Daga nan a aika masa da saƙo a rubuce: kuɗi kaza, la'ada kaza, kuɗin mota a kan wane, ranar tashi kaza.

Na huɗu, mu ma mu kare kanmu. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, kuma akwai alat na bogi. Kada kaya ya bar hannunmu sai mun duba asusu mun ga kuɗi sun shiga.

Daga ƙarshe muna roƙon matasa masu sanin waya su riƙa kama wa dattawa, su kuma dattawa su koya masu sanin kaya da tsare amana.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.