YADDA JINGA TAKE KARYEWA: ABIN DA MASU GWAJI SUKA GANI

Jawabin da aka yi a taron kwamitocin raya ƙauyuka kafin faɗuwar damina



Duk inda ambaliya ta yi ɓarna, maganar da muke ji ɗaya ce: "Muna barci kawai, sai jinga ta ɓalle." Ba mu manta da dam na Bagauda a Jihar Kano ba, wanda ya ɓalle a watan Agusta na 1988, balle na Alau da ya cika Maiduguri da ruwa a watan Satumba na 2024. Namu ƙanana ne, jingar bakin kogi da ɗan tafkin shayar da dabbobi, amma duka da ƙasa aka yi su. Abin da muka kawo muku yau shi ne, jinga ba ta cika karyewa farat ɗaya ba. Tana nuna alama, kuma akwai mutanen da suka kashe kuɗi suka gina jinga, suka karya ta da gangan domin su ga alamun nan da idonsu.

Tsakanin 2001 da 2004 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani bincike mai suna IMPACT. A ƙasar Norwe, a gindin wani babban dam kusa da garin Mo i Rana, injiniyoyi suka gina jinga biyar, ɗaya bayan ɗaya, tsayinsu tsakanin mita 4 da mita 6. In sun gama ɗaya sai su buɗe ƙofofin babban dam ɗin, ruwa ya taru a bayanta, na'urorin ɗaukan hoto suna aiki har ta rushe. A Ingila kuma, a ɗakin gwaje-gwajen ruwa na HR Wallingford, aka yi ƙananan irinsu 22, kowace wajen rabin mita. A Amurka ma, masu bincike na ma'aikatar aikin gona a Stillwater, Jihar Oklahoma, sun yi shekaru suna wannan aiki.

Abu na farko da suka gani ya ba mu mamaki. Sa'ad da ruwa ya haura kan jinga, ba gefen kogi ne yake fara lalacewa ba. Bayan jingar ne, gefen da yake fuskantar gonakinmu da gidajenmu. Ruwan yana gangarowa da gudu, ya fara tona 'yan ƙananan hanyoyi. In ƙasar mai yumɓu ce, hanyoyin sai su zama matakala, matakalan su haɗu su zama gangare guda a tsaye, kamar kan kwazazzabo. Ruwa yana faɗowa daga sama yana cin gindin gangaren, saman ya rasa abin dogara ya rufto. Da haka kwazazzabon yake ja da baya, taki bayan taki, yana nufar kogi. Muddin bai ratsa saman jingar ba, ruwan da yake wucewa kaɗan ne. Da zarar ya ratsa, ƙofa ta buɗu, ruwan kogi ya shigo da dukan nauyinsa yana cin gefen hagu da dama, manyan ɓangarori suna zubawa ciki. A nan ne mu muke cewa "ta ɓalle". Ashe aikin ya daɗe da farawa.

To, tsawon wane lokaci ke nan? Wannan ita ce tambayar da ta shafi rai, gama da wannan lokaci ne ake tashe yara da tsofaffi a kai su tudu. A Stillwater sun gina jinga masu tsayi iri ɗaya da ƙasa iri dabam dabam. Mai yawan yashi ta tafi nan da nan. Mai yumɓu kuwa ruwa ya yi sa'o'i masu yawa yana bin kanta, ta zaizaye amma ba ta buɗe ba. Sa'an nan suka gano wani abin da ya fi wannan muhimmanci a gare mu: ko da ƙasar iri ɗaya ce, laimar da take da ita lokacin da ake daɓe ta, da yadda aka daɓe ta, suna iya canza saurin zaizayarta ninki ɗari ko fiye. Ƙasar da aka zuba a bushe ita ce ruwa yake kwashewa da sauri.

A nan sai mu faɗi laifinmu. A wani ƙauye mun taɓa taimakawa aka yi jinga cikin bazara. Rijiya tana da nisa, mata sun gaji da ɗebo ruwa, kowa yana so a gama kafin ruwan farko. Muka bari aka yi ta juye kwanon sarki a kan kwanon sarki, busasshiyar ƙasa, aka daddaka saman kawai. Ta yi kyan gani har muka ɗauki hoto. Ba ta ga ƙarshen damina ta biyu ba. Iyayenmu mata da suke yin daɓen ɗaki sun riga mu sanin wannan: ana yayyafa ruwa, a buga, a sake yayyafawa. Haka jinga take so. A shimfiɗa ƙasa kaurin da bai wuce santimita 15 ba, a jiƙa ta har in ka dunƙula a hannu ta riƙe ba tare da ruwa ya fito ba, a daɓe sosai, kafin a ƙara wata.

Hanya ta biyu ta fi ban tsoro, domin ruwa bai ma kai saman jingar ba. Binciken da aka yi a kan manyan dam na ƙasa da suka rushe a duniya ya nuna kusan rabinsu ta ciki ruwa ya cinye su. Masu bincike a ƙasar Holan suka cika akwati da yashi, suka rufe shi da murfi mai kamar gilashi, suka matso ruwa daga gefe ɗaya suna kallo. Sai ga ƙwayoyin yashi suna fita ta ɗaya gefen, inda ruwan yake ɓullowa. Wata 'yar siririyar hanya ta fara daga can tana tsawo, ita ma da baya da baya, tana neman inda ruwan yake fitowa. A 2009 suka maimaita gwajin da babbar jinga a filin gwaji na IJkdijk a lardin Groningen. Can ma idon ruwa mai ɗauke da yashi ya fara ɓuɓɓugowa a bayan jingar tun da sauran lokaci kafin ta rufta.

Babba ma bai tsira ba. Dam na Teton a Jihar Idaho ta Amurka ya fi mita 90 tsayi, sabo ne ful, ana cika shi karo na farko. Ran 5 ga Yuni 1976 da safe aka ga ruwa mai laka yana fitowa daga jikinsa. Aka kawo manyan motocin tura ƙasa su toshe ramin, ramin ya haɗiye su, direbobin suka tsira da ƙyar. Kafin sha biyun rana ya rushe, mutum 11 suka mutu.

Saboda haka, 'yan kwamiti, in kogi ya cika, kada kowa ya tsaya a saman jinga yana kallon ruwa. A sami masu bin gindinta ta baya, dare da rana, da tocila. In kun ga ruwa yana tsattsafowa garau, ku sa alama, ku riƙa dubawa. In ya zo da laka ko yashi, ko kuwa yana ƙaruwa, jingar ce take fita a cikin ruwan nan. Ku aika a faɗa wa mai unguwa, a fara kwashe marasa ƙarfi. Kada ku danne idon da buhu ko dutse, gama zai ɓullo a wani wuri. Ku kewaye shi da buhunan yashi kamar bakin rijiya, ruwa ya taru a ciki ya hau, nauyinsa ya rage ƙarfin wanda yake fitowa. Ku ci gaba da ɗora buhu har yashi ya daina fita, ku bar ruwan yana malala ta sama.

Ba mu ce gwajin Turawa ya amsa mana kome ba. Ƙaramar jinga ta cikin ɗaki ba daidai take da ta bakin kogi ba, shi ya sa su ma suka koma fili. Kuma tasu ba gara, ba ramin gafiya, ba shanun da suke bin wuri ɗaya kullum har saman ya lotsa, ba baƙar ƙasar fadama da take tsagewa da rani har hannu ya shiga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hanya ce da aka riga aka buɗe wa ruwa. Wurin da ya lotsa, nan ruwa zai fara haurawa, a cike shi yanzu. Ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri tana kare bayan jinga ƙwarai, amma itace a'a, domin in ya mutu saiwarsa ta ruɓe ta bar rami. Mai tafki kuma ya share mafitar ruwa da aka haƙa a gefe, kada wani ya toshe ta wai don tafki ya ƙara cika.

Akwai gwaji ɗaya na ɗakin bincike da kowa zai iya yi a gida. Ɗauki ɗan busasshen curin ƙasar da kuke so ku yi jinga da ita, kamar girman ƙwayar gyaɗa, ka sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama ko wani ruwa mai tsabta. Kada ka motsa. In curin ya narke ya zauna a ƙasa ruwan yana garau, da dama. In kuwa wani hazo kamar madara ya tashi ya kewaye shi, wannan ƙasa ruwa yana kwashe ta ko da ba ya gudu, sai a nemi wata. Mun zo da kofuna, kuma mun ga wasu kwamitoci sun kawo ƙasarsu yadda muka roƙa. Bayan abinci za mu taru a gindin darbejiya mu gwada ta kowane ƙauye.