Yadda Ake Karanta Hoton Fenti: Misalin "Jakadu" na Holbein



Mai duban hoton mutum yakan fara da fuska, yana neman fara'a ko damuwa. To, amma akwai masu zanen da kan rufe fuska ruf, su bar kayan da ke kewaye da mutum su yi magana. Misalin da zan kawo shi ne hoton da Hans Holbein, Bajamushe, ya zana a Landan a 1533, wanda ake kira "Jakadu".

Faransawa biyu ne a tsaye: Jean de Dinteville, jakadan Sarkin Faransa a Ingila, cikin alkyabba mai gashi, da abokinsa Georges de Selve, malamin coci. Samari ne, ko shekara talatin ba su cika ba, amma babu mai murmushi. Fuskokinsu irin na ma'aikacin da ya san sirri ne, wanda aikinsa ya hana shi faɗa.

Sai mu dubi kantar da suka jingina da ita. A sama akwai kayan auna rana da taurari, alamar ilmi. A ƙasa kuwa nan maganar take. Ga wani molo na Turawa, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Ga littafin lissafi, an buɗe shi daidai babin rabawa. Ga kuma littafin waƙoƙin mabiya Luther, a gaban malamin Katolika! A ganina, da tsirkiyar ita kaɗai ce, da sai mu ce tsautsayi. Amma abubuwa uku sun haɗu a kan ma'ana guda, a shekarar da Sarki Henry na Takwas ya auri Anne Boleyn ba da yardar Fafaroma ba, Kiristocin Turai suna ta darewa gida biyu.

Saura abin da ke shimfiɗe a gaban ƙafafunsu, dogo, karkatacce, wanda ido ba ya gane shi daga gaba. Sai mutum ya koma gefen dama, ya dubo shi a kaikaice, sannan ya ga ƙoƙon kan matacce ne. Holbein ya tilasta wa mai kallo ya zaɓa: in ya tsaya inda zai ga ado da muƙami, mutuwa ta ɓace masa; in ya matsa ya gan ta, jakadun sun dushe. Can sama a kusurwar hagu kuma, koren labule ya ɗan janye, gicciye na azurfa ya leƙo, rabinsa a ɓoye.