Bayanin Mai Zane a Kan Aikinsa: Darasi Daga Zariya, 1960



A yau duk ɗalibin da ya kammala karatun zane a jami'a, ko mai zanen da zai baje kolin aikinsa, akan buƙaci ya rubuta ɗan gajeren bayani, ya faɗi abin da ya bincika da yadda binciken ya shiga cikin abin da hannunsa ya ƙera. Galibin waɗannan takardu cike suke da manyan kalmomi, amma in mutum ya karanta su, sa'an nan ya ɗaga ido ya dubi hoton da ke rataye a bango, sai ya rasa inda suka haɗu. Tambayar ke nan: yaya za a yi takarda ta haɗu da bango?

Amsa mafi kusa tana Zariya. A 1958 wasu ɗalibai na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu akasari Turawan Ingila ne, manhajar kuwa irin ta makarantun zane na London ce. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Okeke ya rubuta wa ƙungiyar jawabi, ya bayyana manufar da ya kira haɗi na ɗabi'a, watau haɗin da ba tilas a cikinsa tsakanin dabarun da aka koyo daga Turai da fasahar da aka gada a gida. Bai yarda a kwaikwayi Bature ba, bai kuma yarda a koma ana sassaƙa gumakan kakanni kamar yadda aka same su ba.

To, haƙiƙa jawabin nan alkawari ne kawai, kuma kowa na iya yin alkawari. Abin da ya ba shi daraja shi ne aikin da ya biyo baya. Okeke mutumin Nimo ne a ƙasar Ibo, amma a Kafancan ya tashi, saboda haka fasahar garinsu sai da ya neme ta kamar yadda baƙo zai nema. Ya tattara tatsuniyoyin Ibo, ya kuma duƙufa a kan uli, watau zanen da matan Ibo kan yi a jiki da ruwan 'ya'yan wata itaciya, su kuma yi a bangon ɗaki. Na jikin kamar lalle yake, kwanaki kaɗan ya dushe. Mahaifiyarsa ta iya shi, a wurinta ya ga yadda ake jan layi ɗaya siriri ba tare da an koma an gyara ba, da yadda ake barin fili fayau a gefen layin, filin ma ya zama wani ɓangare na zanen. Wanda ya dubi jerin zane-zanensa na Oja, na 1962, zai ga wannan layi ƙuru-ƙuru. Bai kwafi alamomin matan ya liƙa a kusurwar hoto don ado ba. Yadda hannunsu yake tafiya ya ɗauka. Nan ne bincike ya canja aiki, kuma irin wannan canji ne ya kamata bayanin mai zane ya nuna da yatsa: kafin bincike hannu yana yin kaza, bayansa ya koma yin kaza, ga hoton da za a duba a gani.

Wannan ɗabi'a ta faɗin inda aka ɗebo ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Marubutan waƙoƙi sun saba su ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, su sa ramzin shekara, wani lokaci har su faɗi karin da suka ara. Sanannen abu ne cewa Aliyu Namangi a kan karin waƙar Caji ya ɗora Imfiraji, ya ɗauki muryar dandali ya zuba mata wa'azi, ba wanda ya ce darajarsa ta ragu.

Sai dai akwai wani bashi da irin wannan bayani yakan tsallake. Bayan yaƙin basasa Okeke ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka, ya tura ɗalibai ƙauyuka su nazarci uli, har aka sami masu zane irin su Obiora Udechukwu da suka kai salon duniya. A daidai lokacin nan kuwa uli yana ja da baya a hannun matan da suka ƙirƙiro shi. Sunayen malaman jami'a suna cikin littattafai, na akasarin matan ba a rubuta ba. Kalmar "al'adar gargajiya" tana da daɗin faɗi, amma takan zama mayafin da ake lulluɓe mutane masu suna da shi.

Ɗalibin da zai nazarci adon bangon gidajen Zariya a yau yana fuskantar wannan jarrabawa. Ba zai wadatar ba ya rubuta cewa gine-ginen Hausa sun burge shi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19, an san magininsa, Babban Gwani Malam Mika'ilu, saboda mutanen garin sun riƙe sunan. Magina da masu shafen da ɗalibin zai zauna da su suna da nasu sunayen, da unguwanninsu, da waɗanda suka koya musu. Sai ya rubuta wane ne ya nuna masa yadda ake fitar da dagi a kan ɗanyar ƙasa kafin ta bushe, da wane kayan aiki, da kuma hoton da ya yi bayan ya dawo daga wurinsa.