KIYAYE HANKALI WAJIBI NE A KAN AL'UMMA: KIRA GA MASU SHIRIN AIKIN HUKUMA

(Laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa ɗalibai a Kongo, Tudun Wada, Zariya)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon rahama, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



An neme ni in yi magana a kan aikin hukuma da amanar da ke cikinsa. Na zaɓi in taƙaita a kan amana guda ɗaya wadda muka yi sakaci da ita, wato haƙƙin 'yan'uwanmu masu taɓin hankali, da masu ciwon damuwa, da waɗanda shaye-shaye ya yi wa illa. Dalilin kawo wannan magana a Kongo a fili yake. Tun shekarar 1947 aka fara horar da akawuna a wannan wuri, daga baya ya zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki, sa'an nan ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan ne alƙalai da lauyoyi da sakatarorin ƙananan hukumomi da manyan ma'aikata na Arewa suka yi ta fitowa. Ku ne gobe za ku zauna a kan kujerun da ake tsara kasafin kuɗi da rubuta dokoki.

ABIN DA IDONA YA GANI

Zan fara da laifina kafin in ambaci na kowa. Akwai wani yaro da na karantar a Islamiyya, mai natsuwa da ladabi, ya haddace fiye da rabin Alƙur'ani. Yana ɗan shekara goma sha tara sai barci ya ƙaurace masa, ya riƙa magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa alhali babu kowa. Mahaifinsa ya zo gare ni, ni kuwa ban yi wata-wata ba na ce masa shafar aljanu ce. Muka yi ruƙiya mako da makonni. Da abin ya ƙi, sai dangi suka ɗauke shi zuwa wani gida a wani gari, inda aka sa masa mari a ƙafa, ana dukansa da sunan ana dukan aljani. Kusan shekara biyu yana can, mahaifinsa ya sayar da gona. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarsu, ta matsa aka kai shi asibiti. Cikin 'yan watanni da shan magani ya dawo hayyacinsa. Yau yana ɗinki, yana bin sahun jam'i, amma tabon mari yana nan a idon sawunsa, kuma duk ranar da na gan shi sai in tuna cewa da bakina aka fara ɓata masa shekaru biyu. Na yi fatawa a kan abin da ba ni da iliminsa. Allah Ya gafarta mini.

MATSAYIN HANKALI A SHARI'A

Malaman Usulul Fiƙhu, kamar Imamu Gazali a cikin Al-Mustasfa da Imamu Shaɗibi a cikin Al-Muwafaƙat, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Saboda kiyaye hankali aka haramta giya da duk abin da ke sa maye. To, idan Shari'a ta hana a gusar da hankali, ashe maido da shi ga wanda nasa ya gushe yana cikin manufofinta.

Ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe, har sai ya warke. Da wannan hadisi ne Sayyidina Aliyu (RA) ya tunatar da Sayyidina Umar (RA) a kan wata mace mai taɓin hankali da aka kawo domin a tsayar mata da haddi, aka kuma sake ta. Ku duba, ya 'yan'uwa: Ubangijin da Ya halicce shi Ya ɗauke masa hisabi, mu kuma mun ɗaura masa sarƙa da bulala. A aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, Allah Ya yi umurni game da waɗanda ba su iya sarrafa dukiyarsu da a ciyar da su, a tufatar da su, a yi musu magana mai daɗi.

Wasu kan ce baƙin ciki mai tsanani alamar raunin imani ne. Wannan magana ba ta da tushe. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙubu (AS), wanda baƙin ciki ya kai shi har idanunsa suka yi fari, alhali shi Annabi ne ɗan Annabi. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, a littattafan Sira ana kiranta shekarar baƙin ciki. Don haka idan ɗan'uwanka ya yi makonni ba ya iya cin abinci, ba ya barci, ya yanke ƙauna daga rayuwa, ka ƙarfafa shi da addu'a, ka kuma kai shi ga likita.

RUƘIYA DA MAGANI

Ba mu musun samuwar aljanu, ko sihiri, ko kambun baka, domin nassi ya tabbatar da su. Ruƙiya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta halal ce matuƙar babu shirka a cikinta, kamar yadda ya zo a hadisin Aufu ɗan Malik a Sahihu Muslim. Amma Manzon da ya halatta ruƙiya shi ne ya umurci bayin Allah da neman magani, ya kuma sanar da cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Babu karo tsakanin biyun. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya taɓa zarginsa da ƙarancin tawakkali. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana rashin lafiya kamar yadda suke yi.

Abin da muke yaƙa shi ne zuwa wajen boka da ɗan bori da ɗan duba, da yanka domin aljani. Sahihu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Sai dai mu tambayi kanmu: me ke kai uwa wajen boka? Sau da yawa ba son shirka ba ne. Ɗanta ne a ɗaure a ɗaki, asibiti ya yi nisa, kuɗin mota babu, boka kuwa yana bayan gida. Idan mun hana ta zuwa wajen boka daga kan mumbari, ba mu samar mata inda za ta je ba, wa'azinmu bai cika ba. Saboda haka samar da asibiti kusa da talaka yana cikin aikin kare Tauhidi.

Magabatanmu sun fahimci haka. Asibitin da Ahmad ɗan Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 Miladiyya yana da sashen masu taɓin hankali. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi da hanyoyin magance su. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri a Alƙahira, aka yi masa waƙafi domin a yi wa mutane magani kyauta. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma yi kukan yadda Musulmi suka yi cincirindo a kan Fiƙhu suka bar garuruwansu babu likita Musulmi. Wannan kuka ya shafe mu, mu ɗaliban ilimin addini.

HALIN DA AKE CIKI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. A Nijeriya, ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta bayyana a 2022 cewa likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba. Binciken da aka gudanar a 2018 a kan shaye-shaye ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi. A watan Mayu na 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ta'asar da ya yi wa matasanmu da matan aure.

Mu a Zariya muna da sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. To, amma mutumin ƙauyen Ikara ko Kubau ko Giwa fa? Ciwon da ke buƙatar magani na watanni ko shekaru, yaya manomi zai riƙa yin doguwar tafiya kowane wata, shi da mai rakiya?

Inda hukuma ta bar giɓi, gidajen mari suka cike shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu a cikin sarƙa, jikinsu duk tabon duka. A watan Oktoba aka gano irinsa a Daura. Abin baƙin ciki, da sunan Musulunci ake gudanar da waɗannan wurare, kuma iyaye da kansu suka kai 'ya'yansu suna biyan kuɗi. Musulunci ya barranta daga wannan zalunci.

Ta fuskar doka, tun 1916 Turawan mulki suka kafa dokar mahaukata, wadda aka sake fasalinta a 1958, manufarta a tsare mara lafiya a nesanta shi daga jama'a. Da ita aka zauna har watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar ta tanadi haƙƙoƙin mara lafiya, da kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun tallafa wa wannan aiki. Tun 1991 ma ƙasar nan ta amince a takarda cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. Ashe takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikaci mai tsoron Allah da zai tsaya a kan takardar har ta zama magani a hannun talaka.

ABIN DA KE KANKU

Wasu 'yan'uwa suna ƙyamar aikin gwamnati saboda ɓarnar da ke cikinsa. Amma Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kafa hujja da amana da sani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surarsa. Idan mutanen kirki suka janye, wa aka bar wa marasa gata? Ga abin da nake kira gare shi:

Na ɗaya, masu karatun sha'anin mulki da ƙananan hukumomi. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na karkara, domin su iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su ba da maganin farko, su tura mai tsanani gaba. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. Idan Allah Ya kai ɗayanku ga teburin kasafi, ya tabbatar an ware kuɗin wannan horo, kuma magungunan suna cikin abin da ake saya wa ƙananan asibitoci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ba zai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ba. Ku san wannan asusu, ku bi sawunsa.

Na biyu, masu karatun lauya da Shari'a. Ku karanta sabuwar dokar, ku yi aiki domin majalisun jihohinmu su yi tasu daidai da ita. Idan kun zama alƙalai, kada ku aika mara lafiya gidan yari alhali asibiti yake buƙata. Ku tsare masa gadonsa daga dangi masu haɗama, domin Fiƙhu ya tanadi waliyyi da zai kula da dukiyarsa saboda maslaharsa shi.

Na uku, limamai da malaman Islamiyya irina. Mu san iyakarmu. Wanda ya zo mana da ɗansa, mu yi masa addu'a, mu kuma ce ya tafi asibiti a ranar. Matar da ta ruɗe bayan haihuwa, da wanda ya fara zancen kashe kansa, waɗannan ba a jinkirta su. Kada mu taɓa ce wa mara lafiya ya bar maganin likita.

Na huɗu, mawadata da kwamitocin masallatai. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsa yana karɓar magani, ba tare da an kulle shi ba. Mu da muke da zumunci da zakka da waƙafi mun fi cancantar irin wannan. Mara lafiya matalauci yana cikin masu haƙƙin zakka, kuma kuɗin magani na wata guda zai iya hana magidanci komawa bola.

Daga ƙarshe, mu hana yaranmu jifan mai taɓin hankali da yi masa waƙa a titi. Hankalin da muke taƙama da shi aro ne, Mai shi Yana iya karɓe abinSa a dare ɗaya. Kowanenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyalansu haƙuri da lada, Ya sa ku zama ma'aikata masu riƙon amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.