Jawabi ga makiyaya: jinyar rauni ba kwanciya kaɗai ba ce

 

Ƴan uwa, aikinmu aikin ƙafa ne da hannu. Sa ya kan soki mutum, raƙumi ya kan kayar da shi, igiyar guga ta kan fizge yatsa a bakin rijiya. Wannan duk mun sani. Abin da nake so mu duba yau shi ne zaman da ke biyo bayan rauni, don a nan ne mutane da yawa suke nakasa. Wani ya kwanta kamar gungume har jiki ya mutu, wani ya tashi bin shanu tun ƙashi bai kama ba. Duka biyun ɓarna ce.

Na farko, mu san lokaci. Ƙashin babba yana ɗaukar kamar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, na cinya ya kan kai wata 3 zuwa 6, na yaro ya fi sauri. Idan da hali a je a ɗauki hoton ƙashi a babban asibiti, irin na Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Galmi. Wanda ya je wajen mai ɗori kuwa, a lura da yatsunsa. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ba ya jin su, ko zafi yana ƙaruwa, to ɗauri ya matse jini. A sassauta nan take, a nufi likita. Jinkirin kwana ɗaya na iya jawo yanke hannu.

Raunin ƙaho kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a shafa kashin shanu ko toka, domin ƙwayar ciwon da ke sarƙe haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabba. A je a yi allurar rigakafi.

Na biyu, motsi. Naman jiki yana fara zubewa tun makon farko na kwanciya. Saboda haka wurin da ya karye a bar shi ya huta, sauran jiki kuwa ya yi aiki. Mai karayar ƙafa ya motsa yatsu, ya ɗaga lafiyayyar ƙafar, ya zauna ya tuƙa igiya. Mai karayar hannu ya yi ƴar tafiya safe da yamma. Wannan motsi yana rage haɗarin daskarewar jini a jijiya. In ƙwauri ya kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya, kada a jira. Tsohon da bai iya tashi a riƙa juya shi duk awa 2, kada bayansa ya yi gyambo. Ranar taka ƙafa kuwa, likita ne zai faɗa.

Na uku, abinci. Allah ya ba mu nono, kuma yana gina ƙashi, sai dai a tafasa madara. A haɗa da ƙwai, wake, nama, zogale da miyar kuka, a sha ruwa sosai. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi. Samari, ku guji tiramadol na kasuwa: ba ya ɗora ƙashi, zafi kawai yake ɓoyewa, har mutum ya taka karaya bai sani ba, ga shi kuma yana kama jiki.

Na ƙarshe ya rataya a wuyanmu duka. Me ke tayar da mai jinya kafin lokaci? Tunanin wa zai shayar masa da dabbobi. Mu da muka gaji ba ɗan uwa aron saniya don ya tashi, ba za mu kasa riƙe masa garke na wata biyu ba. Kowace ruga ta tsara wanda zai karɓi kiwo da jan ruwa, har mai rauni ya miƙe da ƙafarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu da dukiyarmu.